Rabon Gadon Mabel

Duk wanda ke da motar wasa, irin ƙanana masu gudun nan, a garin Thunder Bay ya san Lorna Pelletier, kuma kusan rabinsu ta taɓa kora gida. Ita ce ke tsayuwa a bakin filin tsohon kamfanin takarda duk safiyar Asabar da 'yan ƙungiyar masu irin motocin za su fita yawo, gejin auna iskar taya a hannu, ma'aunin sanyi a aljihun riga. Mota ba ta shiga layi sai ta durƙusa ta duba tayoyinta huɗu, ta taka birki, ta fizgi bel ɗin kujera ta ji ko yana riƙo. Babu wanda ya naɗa ta. Shekara tara da suka wuce ta ɗauki geji ta tsaya a ƙofa, aka rasa mai ƙarfin halin ce mata ta matsa, shi ke nan ta zama Sufeto.

Dokokinta ba su da yawa, amma akwai guda ɗaya da ko uwar da ta haife ta ba za ta ɗaga wa ƙafa ba. Yawancin 'yan ƙungiya tayoyin zafi suke sawa, masu taushin roba, irin waɗanda in kwalta ta ɗumama suke kama ta kamar danƙo. To su waɗannan tayoyi, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri bakwai sai robar ta sandare, ta daina riƙe titi. Saboda haka in ma'aunin Lorna ya nuna shida, ko kai waye sai ka kashe inji ka jira rana ta ɗaga, ko ka kama hanyar gida. Bara ta kori Dario Scarcello, likitan haƙori, a gaban mutum ashirin, matarsa na zaune a gefensa da kwandon abincin rana a cinya. Tun daga ranar, in ya hango ta sai ya ƙame ya sara mata, ya ce, "Ranki ya daɗe, Sufeto." Ita kuma takan ce masa ya je ya cire wa wani haƙori ko ya huce.

Abin da ya sa ba a ja da ita kuwa, Mabel ce. Wanda ya ga Mabel ya san mai ita ba da fatar baki ta iya mota ba. Ƙaramar motar Japan ce mai kujera biyu, ƙirar 1991, wadda Lorna ta tsinto a bayan wani gidan gona, tsatsa ta cinye ƙasanta har ana hango ciyawa ta wurin taka birki. Lorna walda take yi a rumbunan alkama na bakin tafki, ƙarfe bai taɓa ba ta tsoro ba. Ta yanke inda ya ruɓe ta ɗinke da sabo. Ta warware injin a kan teburin cin abinci, ta yi hunturu guda cur tana haɗa shi, har mijinta na lokacin ya ce ta zaɓa, ko shi ko injin. Ta dube shi, ta dubi injin, ta ce shi dai inji bugu ɗaya yake tashi da safe. Ta ƙara masa turbo don ya ƙara ƙarfi. Ta rage wa motar tsayi har ba ta iya hawa ɗan tudun ƙofar coci. Ta haɗa salansa da hannunta, wadda mutane ke gane muryarta tun daga layi biyu. A bayan kujerun ta lanƙwasa bututun ƙarfe mai kauri ta yi masa walda, don ko mota ta kife kan mutum kada ya taɓa ƙasa. Daga ƙarshe ta fesa mata fenti ruwan goro, ta sa mata sunan kakarta, wadda ita ma gajeruwa ce mai ƙarar murya. Shekara goma sha ɗaya ana wannan hidima, kuma Lorna ba ta jin kunyar faɗin cewa tana son motar nan fiye da yawancin danginta.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, kusan kowa ya riga ya kulle motarsa saboda hunturu sai Mayu. Lorna ma ta wanke Mabel, ta cika mata tanki, ta fito da mayafin da za ta lulluɓe ta da shi. Sai gari ya waye tangaram, rana ta fito fes, irin ranar nan mai haske babu ɗumi. Ma'aunin da ke jikin tagar kicin ya nuna digiri biyu. Ta gani da idonta, ba wai ba ta gani ba. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ta ce a ranta ai dokar don waɗanda ba su san mota ba aka yi ta, ita kuwa ta san kowane noti a jikin Mabel, ta san hanyar bakin tafki kamar yunwar cikinta, kuma a hankali za ta je ta dawo.

A hankalin ta tafi, wannan kam gaskiya ne. Akwai wata kwana a gindin dutsen da aka sare aka fitar da titi, ta sha shigarta da gudun da ya kusa ninka na ranar. Sai dai dutsen ya tare rana, kwaltar wurin ba ta ga haske ba tun jiya. Bayan motar ya sulale, ko ƙara babu. Ta juya sitiyari yadda ta koya wa mutane da yawa su juya, tayoyin suka yi kamar ba da su take ba. Mabel ta daki dutsen da gefen hagu, ta wuntsila sau ɗaya, ta dawo ta tsaya a kan ƙafafunta a cikin kwari. Bututun da ke bayan kujeru ya goge ƙasa har ya yi fari. Lorna ta fito da ƙafarta, haƙarƙari biyu sun tsage, ban da wannan ko ƙwarzane babu. Ta tsaya tana kallon motar, fitila ɗaya a buɗe ɗaya ta murƙushe, ruwan lagireto na zuba yana hayaƙi a kan ciyawa.

Wani mai a-kori-kura ne ya fara tsayawa. Ya yafa mata rigar sanyinsa, ya leƙa motar, ya girgiza kai ya ce, "Barewa ce, ko? Ai wannan kwanar sun mai da ita hanyar gidansu."

Lorna ba ta ce e ba. Kai kawai ta gyaɗa. Ashe mutumin surukin wani ɗan ƙungiya ne, gyaɗa kan nan kuwa ya riga ta shiga gari. Kafin likita ya sallame ta, duk ƙungiya ta ji cewa barewa ta kashe Mabel.

Arvo Tervonen ne ya zo da motar janwe. Shekararsa saba'in da ɗaya, arba'in daga ciki ya yi su yana fito da motocin mutane daga kwari yana miƙe musu jiki, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Mutum ne da in ya yi magana uku a rana matarsa takan tambaye shi ko lafiya. Ya zagaya Mabel sau biyu, ya tsuguna a gabanta, ya bi bamba da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya dubi yatsan. Sannan ya tambayi Lorna inda zai kai ta, ta ce gida.

'Yan sanda da mutumin inshora ta gaya musu gaskiya tsaf, don su ba su san ta a bakin ƙofa da geji ba. Mutumin inshora ya rubuta cewa mota ta mutu, Lorna ta ce a bar mata gawar. Ta sa Arvo ya sauke ta a gareji, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo.

Ƙungiyar tana da wata al'ada tun kafin Lorna ta shigo, suna ce mata rabon gado. In motar ɗan ƙungiya ta mutu, ba a kai ta wurin masu murƙushe ƙarfe da kayanta a jiki, ba a kuma sayar da ko noti ɗaya. Mai ita zai sa rana ya buɗe gareji, kowa ya zo da akwatin sifanunsa da abin taɓawa a baki, a warware ta, kowa ya ɗauki abin da motarsa ke bukata. Amma kafin a taɓa komai, sai mai mota ya tsaya a gabanta ya faɗi abin da ya kashe ta dalla-dalla, don na baya su ji. Sannan ya kwance notin farko da hannunsa. Lorna ta halarci irin wannan sau shida, kuma ita ce ke tsare mai mota da tambayoyi in ya fara kwana-kwana.

Don haka ta san sarai abin da ke jiran ta a bayan ƙofar nan. Ba ta son ganin sifanar kowa a jikin Mabel, wannan ɗaya ke nan, kuma ciwonsa har ya fi na haƙarƙarin. Na biyu kuma, mutanen nan sun iya karanta mota mai hatsari fiye da yadda suka iya karanta jarida. In ta buɗe ƙofa, ko ta faɗi gaskiya ta zubar da maganar da ta yi shekara tara tana ginawa, ko ta yi ƙarya a gaban masu ido. Sai ta ce wa kowa ba za a yi rabon gado ba, Mabel za ta tashi.

Jama'a kuwa suka yi ta zuwa jaje. Matar Arvo ta aiko da burodinsu na Finland mai ƙamshi, wasu suka kawo miya a tukunya, kowa ya zauna sai ya tsine wa barewa. Abin ya zo daidai da lokacin farauta, sai ya zamana duk wanda ya harbo ɗaya sai ya kawo wa Lorna nama, ya ce mai yiwuwa ita ce, ta ci ta rama. Firjinta ya cika da naman barewa har ƙofarsa ba ta rufuwa. Takan karɓa ta yi godiya, in sun tafi ta dafa taliya ta ci da man shanu.

A mako na uku Arvo ya zo da rana tsaka, da tef ɗin awo a aljihu. Bai nemi izini ba, ya tsaya a bakin gareji har ta buɗe. Ta riga ta cire murfin inji, ta jera guduma da sarƙar ja a ƙasa.

"Riƙe min nan, yarinya," in ji shi.

Ta riƙe bakin tef ɗin a gaban motar ta hagu, ya ja shi zuwa baya ta dama, ya duba. Suka sauya, daga gaba ta dama zuwa baya ta hagu. A mota mai lafiya awon biyu ɗaya suke fitowa. Na Mabel sun saɓa da inci ɗaya da rabi.

"Kwarangwal ɗinta ya murɗe," ya ce.

"Zan ja shi ya miƙe."

"Zai miƙe a ido. Ranar da kika shiga kwana da gudu, ko kin manta, shi zai tuna."

"Tsoho, ni na ɗinke motar nan lokacin da kowa ke cewa gawa ce. Har da kai."

"Waccan tsatsa ce," in ji Arvo. "Wannan mutuwa ce."

Ta san gaskiya ya faɗa, don tun kwana goma da suka wuce ta yi awon nan ita kaɗai da zare, har sau huɗu, ko Allah zai sa zaren ya yi kuskure. Ta juya masa baya tana tattara sarƙa. Shi kuma ya naɗe tef ɗinsa, har ya kai ƙofa, sai ya tsaya kamar wanda ya tuna da saƙon da ba shi da muhimmanci. Ya ce Dario bai kulle motarsa ba bana. Yana zaune a gidan shan kofi yana gaya wa duk mai kunne cewa dokar digiri bakwai tatsuniya ce, tunda Sufeto da kanta ta fita a digiri biyu da irin tayoyinsa, kuma ba don barewa ba da lafiya lau za ta dawo. Mutum uku sun yarda da shi. Sun shirya ranar Asabar za su bi hanyar bakin tafki, masu hasashen yanayi kuma sun ce digiri ɗaya za a tashi da shi.

"Ni dai zan cika wa motar janwe mai," ya ce, ya fita.

Lorna ba mace ce mai zama tana saƙe-saƙe ba. Nan take ta ga mafita, ko abin da ta ɗauka mafita ce. Za ta sa rabon gado ranar Asabar ɗin, don babu ɗan ƙungiyar da zai bar rabon gadon Mabel ya tafi yawo. Ta haka ta tare su daga hanya. Labarin barewa kuma ya tsaya yadda yake, sai dai yana bukatar shaida. Maƙwabcinta ya rataye barewar da ya harbo a garejinsa, ƙofa a buɗe. Ta shiga da sunan gaisuwa, ta yaba masa harbi, da ya juya ɗauko mata kofi ta tsigi gashi a wuyan dabbar ta cusa a aljihu.

Ta dawo ta tsuguna a gaban Mabel, inda Arvo ya tsuguna ranar, gashin na tsakanin yatsunta, tana neman tsagar da za ta maƙala shi. Mace mai shekara hamsin da biyu, mai walda, wadda maza ke gyara tsayuwa in ta tunkaro su, ga ta tana shirin yi wa motarta kwalliya da gashin barewa. Shekara goma sha ɗaya motar nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. In wani abu ya kwance takan yi ƙara, in taya ta gaji takan faɗa ta sitiyari. Ranar ma ta faɗa, tun daga layin gida sitiyarin ya yi sakayau a hannu, ita ce ta ƙi ji. Kuma ko ta tare Dario wannan Asabar, Asabar ba ta ƙarewa, muddin barewar na nan dokar ta mutu. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana ƙarama. Ta zubar da gashin a shara, ta wanke hannu da sabulu.

A jikin bango akwai tsofaffin tayoyin Mabel guda biyu, irin waɗanda ta yi hatsari da su. Ta gangaro da ɗaya cikin gida, tana cije leɓe saboda haƙarƙari, ta jingine ta kusa da hitar ɗumama ɗaki. Ɗayar ta bar ta a waje a kan dakali. Sannan ta aika wa ƙungiya saƙo: rabon gado, Asabar, ƙarfe tara, kowa ya zo da sifanarsa.

Mutum ashirin da uku suka zo. Ciyawa ta yi fari da daskararriyar raɓa, kowa na magana hayaƙi na fita a bakinsa. Yawanci a motocin aikinsu suka zo, amma Dario da mutanensa uku da motocin wasa suka iso, a kan tayoyin zafi, suka jera su a titi yadda kowa zai gani. Ya shigo ɗauke da faffaɗan tire na taliyar da mahaifiyarsa ta gasa, ya ajiye, ya sara mata. Ya ce ya zo ne ya yi wa marigayiya bankwana, in an gama kuma za su ɗan zaga tafki.

Lorna ta ɗaga ƙofar gareji har sama. Da yawa ba su ga motar ba sai yau, wasu suka cire hula. Ta gangaro da tayoyin nan biyu ta tsayar da su a gaban Mabel.

"Likita, matso. Kai ne mai hannun taɓa abu. Danna farcenka a nan."

Ya danna a ta farko, farcen ya nutse cikin roba ya bar shaida. Ya danna a ta biyu, farcen ne ya lanƙwashe.

"Wannan a ɗaki ta kwana, wannan a waje," ta ce. "Taya iri ɗaya ce, rana ɗaya na saye su."

"Mun sha wannan karatun, Sufeto. To amma ke da kanki ai kin fita da su, kuma ba don barewar nan ba..."

"Babu barewa."

Ta faɗe shi da muryar da take kiran mota ta fita daga layi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ta kwashe komai ta zube musu: digiri biyun da ta gani a taga, sitiyarin da ya gargaɗe ta, gudun da take yi wanda bai kai na mai zuwa kasuwa ba, inuwar dutsen, da yadda ta juya hannu daidai amma babu abin da ya amsa. Ta nuna musu gefen da ya bugu, ta ce su duba bamban da kyau, ko gashi ɗaya ba za su samu ba, ko da yake saura kaɗan su samu, kuma ta gaya musu wannan ma.

"Ni na kashe ta," ta ce. "Na kori rabinku gida a kan abin da na aikata ido biyu. Sannan na zauna kuna ta kawo mini naman dabbar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Wanda ke son namansa yana firji."

Ta ciro geji da ma'aunin sanyi ta ajiye su a kan motar.

Dario ya yi shekara guda yana jiran rana irin wannan, kuma bai ɓoye ba. Ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango. Ya fito da wayarsa ya ce don Allah ta maimaita wurin gashin barewar, matarsa ba ta nan, ba za ta yarda ba in ba ta ji da kunnenta ba. Lorna ta gyara tsayuwa ta maimaita, da ƙarfi ma fiye da na farko. Daga nan dariya ta ɓarke ko'ina, har da su masu kawo nama. Wani ya juya ya tambayi Arvo ko ya sani.

"Barewa ba ta bugun mota ta tafi da gashinta duka," in ji Arvo.

Aka ce to me ya hana shi faɗa, ya ce ba motarsa ba ce.

Da dariyar ta lafa, Dario ya tsaya yana kallon bututun da ke bayan kujerun Mabel, wurin da ya goge ƙasa ya yi fari. Ya sa hannu ya shafa shi. Motarsa ba ta da irin wannan ƙarfe, kowa ya sani. Ya leƙa titi inda take tsaye, raɓa ta daskare a gilashinta. Sai ya ciro makullinsa ya jefa wa Arvo, ya ce in an tashi ya ɗora ta a janwe ya kai masa gida. Sauran ukun suka dubi juna, ɗaya ya tambayi Arvo ko zai iya sawu huɗu.

Dario ya ɗauki geji da ma'aunin ya miƙa wa Lorna.

"Riƙe kayanki, ba mai son wannan wahalar. Amma daga yau ke ma sai an duba ki kafin ki shiga layi. Kuma ni zan duba."

Maganar ta yi mata ɗaci, amma ta san ta cancanci abin da ya fi haka. Ta ce ta yarda.

Saura noti. Ta zaɓi babban notin da ke tsakiyar sitiyari, ta shiga ta zauna a kujerarta, wadda ta ɗauki siffar bayanta tun tuni. Ta ɗora sifana. Duk jawabin nan ta yi shi ko muryarta ba ta yi rawa ba, amma a nan hannunta ya ƙi. Ta tuna ranar da injin ya fara tashi a cikin garejin nan, ta fita da gudu cikin dusar ƙanƙara ba takalmi tana ihu, maƙwabta suka ɗauka gobara ce. Ta kifa goshi a kan sitiyarin ta yi kuka sosai, ba ta kuma damu da wanda ke kallo ba. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri, suka tsaya suka jira. Da ta gama ta share fuska da hannun riga, ta danna sifanar da ƙarfi, notin ya yi ƙara ya saki.

Daga nan gareji ya kaure da aiki. Wata malamar makaranta ta ɗauki kujerun, wani ya tafi da salansa a kafaɗa yana murmushi kamar an ba shi mata. Birki, giya, fitilar da ta tsira, kowanne ya sami gida. Lorna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu halin kowane abu, wane noti ne ba ya son a matse shi, wace waya ce ta sauya wa hanya. Da aka zo kan inji kowa ya ja baya, don ba wanda ya ga ya isa ya nema. Sai Dario, da bakinsa cike da taliya, ya ce shi yana so. Aka yi masa ca. Lorna ta ce injin nan ba a yi shi don zama a kan katako ba, kuma mutumin da ya iya miƙa makullinsa a gaban jama'a zai iya riƙe shi. Sharaɗinta shi ne kada ya taka shi sai ya ɗumama, in kuwa ta ji ya yi, za ta zo har asibitinsa ta cire abinta.

Bututun da ya goge ƙasa shi kaɗai ta ajiye. Ƙarfen da ya taɓa ɗaukar bugu ba a sake dogara da shi, amma ta ce zai yi mata amfanin awo. Kafin la'asar Mabel ta koma kwarangwal, Arvo ya ɗora shi a sawunsa na biyar. Lorna ta share garejin, ta tsaya a tsakiya tana kallon tabon bakin mai a siminti. Wurin ya yi mata faɗi, zuciyarta na ciwo, amma numfashinta ya fi sauƙi fiye da duk makonnin nan uku.

A watan Disamba Arvo ya ambata, cikin maganganunsa uku na wata rana, cewa akwai wata irin Mabel a rumbun wani manomi, ba inji mai kyau, ba fenti, amma awonta biyu ɗaya suke fitowa. Lorna ta ce ba ta shirya ba. Washegari ta je da tef ɗinta.

Asabar ta farko a watan Mayu motoci ashirin da ɗaya suka taru a filin kamfanin takarda. Dario ya karɓe ma'aunin sanyi tun da ta iso, ya ce sai ya ɗan riƙe. Ta bi layi da geji kamar yadda ta saba, ta mai da mutum ɗaya ya ƙara iska, ya tafi ba musu. Ga kujerun Mabel a wannan mota, ga muryar salansarta a waccan. Da Dario ya tayar da tasa, bugu ɗaya, sai da ta tsaya cak da geji a hannu. Abin ya soke ta, sannan ya yi mata daɗi, don injin na zaune daram yadda ta gina shi.

Tata motar na can gaba, ruwan toka, ba fenti, ba suna tukuna, sai sabon bututu a bayan kujeru. Ta shiga ta tayar da ita, ta miƙo geji ta taga. Dario ya durƙusa da wandonsa mai tsada, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana jan lokaci yana jin daɗin abinsa. Ya sa ta taka birki, ya fizgi bel ɗinta sau biyu. Sannan ya miƙe ya ɗaga ma'aunin sama ya duba, ya juyo mata da shi ta gani.

"Shida, ranki ya daɗe."

Rana na gab da ƙetare rufin kamfanin, nan da minti goma ko sha biyar ma'aunin zai kai bakwai. Wata shida ƙafarta na ƙaiƙayin wannan safiya, titi kuma ga shi nan a buɗe, busasshe, ba kowa a kai. Mutum ashirin na kallon ta ta gilashi.

Lorna ta miƙa hannu ta kashe injin. Ta fito da fulas ɗin kofinta, ta jingina da jikin motar ta zuba. A bayanta injuna suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda ɗaya tak, na Mabel da ke motar Dario, wanda ta san muryarsa fiye da ta kowa. Dario ya koma ya leƙa ta taga ya kashe shi.